Tomatin daji, dangin tomatin lambu

Ƴan uwa masu noman rani, tomatin da muke dasawa a lambu yana da dangi a daji. Suna can Amurka ta Kudu, a ƙasashen Peru, Ekwador da Shili, daga bakin teku har bisa duwatsun Andes. An san iri 12. Ƴaƴansu ƙanana ne, yawancinsu ko sun nuna ba su yin ja.

Kafin fure ya zama ɗa, sai garin fure ya sauka a kansa. Wannan ita ce barbara. Tomatin lambu yana yi wa kansa barbara, fure guda ya isa. Wasu irin na daji kuwa ba su karɓar garin furensu ko kaɗan, sai ƙudan zuma na daji sun kawo musu na wani gindi. Saboda haka kowane tsiro yana gadon iyaye biyu, kuma halayensu suna bambanta ƙwarai: wannan yana jure fari, wancan yana jure cuta.

Akwai wani iri da ke nuna yadda abin yake sauyawa. A tsakiyar Peru ba ya karɓar garin furensa. Amma a iyakar arewa da ta kudu ta yankin da yake tsirowa, ya koma yi wa kansa barbara. Ya huta da jiran maƙwabci, sai dai bambancin gadonsa ya ragu. Haka tomatin lambu yake, gadonsa kaɗan ne.

Shi ya sa masana suke komawa ga na daji. Mun san tsutsotsin nan da ido ba ya gani, masu sa saiwa ta yi ƙululu har shuka ta yi yaushi. Wajen shekara ta 1944, a Amurka, aka haɗa tomatin lambu da wani na dajin Peru, aka samo jurewar wannan cuta. Ita ce ake nunawa da harafin N a jikin fakitin iri.

Sai dai mu lura: wannan jurewa tana raguwa idan zafin ƙasa ya wuce digiri 28. A wurinmu hakan ba wuya tun daga watan Maris. Don haka mu dasa da wuri, cikin sanyi, kuma kada mu maimaita tomati a fangali ɗaya kowace shekara.