Jigilar Kaya a Cikin Ƙwayar Halitta da Yadda Gubar Kwalara Ke Cin Moriyarta

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ƙwayar halitta, wato ƙaramin ginshiƙin da aka gina jikin mai rai da shi, take shigo da kaya da fitar da su, da kuma yadda cutar amai da gudawa take bin wannan hanya ta yi ɓarna. Batu ne na masana kimiyya, amma bai fi ƙarfin harshen Hausa ba, kuma ya shafi kowane gida a ƙasar Katsina. A shekarar 2021 kaɗai an ba da rahoton fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, Jihar Katsina kuwa tana cikin waɗanda abin ya fi shafa.

Kowace ƙwayar halitta tana kewaye da wani tantani na maiƙo, kamar yadda ganuwa ta kewaye birnin Katsina a da. Ƙananan abubuwa irin su gishiri da sukari suna da ƙofofinsu a jikin tantanin, kowa da tasa, tamkar Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Guga da sauransu. To, amma akwai kaya masu girma, musamman furotin, waɗanda babu ƙofar da za ta ɗauke su. A nan ne misalin ganuwa ya gaza, domin ganuwa ƙasa ce busasshiya, shi kuwa tantani yana da laushi irin na mai. Idan za a shigo da babban kaya, sai wani ɓangare na tantanin ya lotsa ciki, ya rungume kayan, ya tsinke ya zama 'yar jaka rufaffiya. Idan kuma fitarwa za a yi, sai jakar ta taho daga ciki ta manne da tantanin, su narke su zama abu guda, kayan su zube waje. Duk wanda ya taɓa lura da ɗigon man gyaɗa biyu a saman miya suna haɗuwa su koma ɗaya ya ga kwatankwacin abin. Jakunkunan nan ƙanana ne ainun, don kuwa in aka jera 10,000 daga cikinsu da ƙyar su kai tsawon milimita ɗaya.

A cikin ƙwayar kanta ma haka fataucin yake gudana. Akwai wata saƙa ta tantani kusa da cibiyar ƙwaya inda ake ƙera furotin, wadda za a iya kira masana'anta. Daga nan ake ɗaure kayan cikin jakunkuna a tura su wani zango mai kama da faya-fayai da aka ɗora kan juna, wanda ake kira da sunan Camillo Golgi, Ba'italiyen da ya fara ganinsa a 1898. A zangon Golgi ake gyara kaya a tantance su, a aika kowanne inda ya dace. George Palade ne ya bi sawun wannan tafiya daki-daki, aka kuwa ba shi kyautar Nobel a 1974. Ta wannan hanya ce sinadarin insulin ke fita ya shiga jini bayan an ci tuwo, ta nan ne kuma jijiya ke miƙa wa 'yar'uwarta saƙo.

Tambayar da ta daɗe tana cin tuwo a ƙwaryar masana ita ce, yaya jaka ke sanin inda za ta sauka? Randy Schekman ya yi nazarin ƙwayoyin yisti masu naƙasa, waɗanda jakunkuna ke cunkushewa a cikinsu kamar motoci a bakin tasha, ya gano ƙwayoyin gado da ke kula da jigilar. James Rothman ya nuna cewa a jikin kowace jaka akwai wani furotin da ba ya kamuwa sai da abokinsa da ke jikin masauƙin da aka nufa, kamar kuba da kwaɗonta. Thomas Südhof kuma ya bayyana yadda shigowar sinadarin kalsiyam ke ba jakunkunan jijiya izinin zubar da kayansu a daidai lokacin da ake bukata. Su ukun aka haɗa aka ba kyautar Nobel a shekarar 2013.

Tsari mai kyau ke nan, sai dai ɓarawon da ya san hanyar fatake ya fi kowa haɗari. Ƙwayar cutar kwalara, wadda ke shiga ciki ta gurɓataccen ruwa ko abinci, ba ta kutsawa cikin naman hanji. Zama take yi a saman bangonsa tana fitar da guba, abin da Sambhu Nath De ya tabbatar a Kalkata ta ƙasar Indiya a 1959. Gubar tana da sassa biyu. Sashe na farko zobe ne mai ƙafafu biyar, aikinsa shi ne damƙe wani maiƙo da ke jikin tantanin ƙwayar hanji. Da ya damƙe, sai ƙwayar ta ɗauka kayan arziki ne, ta naɗe shi cikin jaka ta shigo da shi da hannunta. Abin mamaki shi ne gubar tana bin hanyar ne a juye: daga tantani zuwa zangon Golgi, daga can zuwa masana'anta, wato tana bin ayarin da ke komawa gida. A masana'antar ne sashe na biyu ke rabuwa da zoben, ya sulale ta mafitar da ƙwaya ta tanada don zubar da lalataccen furotin, ya faɗa tsakar ƙwayar.

Da isarsa sai ya maƙale wani makunni ya bar shi a kunne. Sakamakon haka ƙofar da ke fitar da gishiri zuwa cikin hanji ta tsaya a buɗe ba rufewa, ruwa kuwa duk inda gishiri ya bi nan yake bi. Wannan shi ne asalin gudawar nan mai kama da ruwan shinkafa. Idan ta yi tsanani babban mutum yana iya rasa kusan lita ɗaya a cikin awa guda, idanu su faɗa, fata ta yamutse, ya mutu cikin yini ɗaya. Bushewar jiki ce ke kisa.

Sai dai gubar ta bar wata ƙofa ba ta taɓa ba. A jikin ƙwayar hanji akwai ƙofar da ke shigo da gishiri tare da sukari, ba ta karɓar ɗaya sai da ɗayan, kamar yadda Robert Crane ya bayyana a 1960. Wannan ƙofa tana aiki ko da cutar ta kai maƙura. A kanta aka gina ruwan gishiri da sukari, wanda likita Dilip Mahalanabis ya gwada a sansanin 'yan gudun hijira a iyakar Indiya da Bangaladash a 1971, mace-mace suka ragu ƙwarai. Haɗinsa a gida shi ne lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, da ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A riƙa ba mara lafiya yana kurɓa a kan hanyar kai shi asibiti, inda ake yi wa wanda ya galabaita ƙwarai ƙarin ruwa ta jijiya.