Ƙwarin da Ke Maƙale wa Zabo da Shingen Aguwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Funtuwa ko Malumfashi ya san zabo, wanda mata kan dasa a bayan ɗaki don magani, ya kuma san aguwa da a kan shinge gonar rogo da ita. Da ya ke itatuwa ne masu tara ruwa a jikinsu, mu kan zaci ba abin da ke cinsu. Ashe akwai.

In ka duba gindin ganye, watakila ka ga waɗansu ɗigo-ɗigo kamar ƙurji, ko wani fari-fari kamar an barbaɗa gari. To, ƙwari ne. Macen ta kan kafa bakinta kamar allura ta yi ta tsotso, ta rufe jikinta da ɓawo ko kakin da ruwa ba ya ratsawa. Waɗansunsu su kan fid da zaƙi irin na darɓa, tururuwa na lasa, tana kuwa korar musu abokan gaba. Watau makiyayi da shanunsa ke nan.

Saboda ɓawon nan ne feshi guda ba ya isa. 'Ya'yan ne kaɗai ke rarrafe tsirara 'yan kwanaki, kāna su kafe wuri ɗaya. Sai a kankare manyan da tsinke, a dama sabulu kaɗan da man darbejiya cikin ruwa, a wanke shukar da maraice, don rana ta kan ƙona jiƙaƙƙen ganye. A maimaita kowane mako har sau 3 ko 4. Reshen da ya lalace a sare a ƙone, amma a yi hattara da nonon aguwa, mugu ne ga ido.

Kada wani ya ce ai shinge ne kurum. Ɗan'uwan ƙwarin nan, mai cin rogo, ya shigo Afirka daga Amurka ta Kudu, aka fara ganinsa a Kwango cikin 1973, ya bi irin rogo ƙasa ƙasa har Nijeriya. Dafi bai kashe shi ba. Sai a 1981 masana na IITA a Ibadan suka saki wani ɗan mitsitsin zanzaro daga mahaifarsa, mai yin ƙwai cikin jikinsa, sannan rogo ya farfaɗo. Don haka a ganina malamin da ya yi wa lambun makaranta ambaliyar dafi ya yi wauta, gama mataimakansa zai fara kashewa. Gara ya tura yara su duba kowane sanda kafin a dasa.