Yadda siyasa ta ƙara tsadar sauya na'urar ɗumama ruwa a Amurka

A gidajen Amurka, ɗumama ruwa kan lashe kusan kashi 18 cikin ɗari na makamashin da iyali ke amfani da shi, na'urar kuma takan buƙaci sauyi bayan kimanin shekara goma.

Dokar da Shugaba Biden ya sanya wa hannu a 2022 ta bai wa magidanta rangwamen haraji na kashi 30 cikin ɗari na kuɗin sayen na'ura mai tsimin lantarki, har zuwa dala 2,000. Dokar da Shugaba Trump ya rattaba wa hannu a Yulin 2025 ta soke rangwamen daga ƙarshen shekarar.

Yanzu wanda aljihunsa bai kai ba zai koma ga mai araha, wadda ta fi shan wuta, ya riƙa biyan bambancin duk wata.