Yadda Ake Rage Shurin Bindigar Farauta

Maharban Minna da kewaye sun san yadda bindiga kan shuri kafaɗa in ta tashi. Dalili kuwa, ƙarfin da ya tura harsashi gaba shi ke tura bindigar baya. Matashin roba a gindinta yakan sassauta dukan, muddin an manna ta sosai a kafaɗa. Akwai kuma wani ƙarfe mai huji-huji da akan ɗaura a bakin bindigar zamani, yana karkatar da hayaƙin gefe. Amma fa yana daɗa ƙara ƙwarai, tilas maharbi da na kusa su toshe kunne. Mai adaka kuwa, kada ya cika albarushi, gama bututun na iya fashewa. Dokar Bindigogi ta 1959 ta hana gyaran bindiga sai da izinin hukumar 'yan sanda.