Daga famfo zuwa moɗa: inda ruwan sha ke lalacewa

Shirin wannan mako ya kai mu Accra, babban birnin Ghana, wanda tsofaffin fatake ke kira Ankara. In ka taɓa raka motar albasa daga Galmi zuwa kasuwar Agbogbloshie, kafin a mayar da 'yan albasa Adjen Kotoku a 2021, to ka san unguwar da ke jingine da kasuwar, wato Old Fadama. Kalmar ma tamu ce, kuma sunan bai yi ƙarya ba. Fadama ce sosai, a bakin kogin Odaw inda yake zuba cikin tafkin Korle, kuma dattin manyan kwatocin birnin, har da wadda ta ratsa Nima da Maamobi, nan yake gangarowa. Ƙidayar da mazauna suka yi da kansu a 2009 ta samu mutum kusan 80,000 a kan hekta 31 kacal.

Masu bincike, ciki har da ɗaliban jami'a 'yan sa kai, sukan shiga irin wannan unguwa su auna ruwan sha. Yadda suke yi shi ne abin lura. Ba sa fara zuwa famfo. Sai su yi sallama a gida su ce wa uwargida, don Allah ba mu ruwa kamar yadda za ki ba ɗanki. Wannan kofin shi suke ɗiba. Daga nan su bi sawu zuwa inda aka sayo ruwan, famfo ne ko tankin mai sayarwa, su ɗebi na can ma. Kowanne a tace mililita 100 ta wata 'yar takarda mai riƙe ƙwayoyin cuta, a ajiye ta wuri mai ɗumi kwana guda, washegari a ƙirga ɗigon da suka tsiro. Abin da ake nema ƙwaya ce mai suna E. coli, wadda ke zaune a hanjin mutum da na dabba. In an gan ta a ruwa, to, ba kunya, kashi ya shiga. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a samu ko ɗaya.

Hukumar ƙididdiga ta Ghana ta yi wannan awo a faɗin ƙasar a 2017 zuwa 2018. A wurin ɗiban ruwa, kusan rabi ne aka samu ƙwayar. A kofin cikin gida kuwa, kusan takwas cikin goma. Ka ga ke nan ruwa da yawa ya baro famfo lafiyarsa ƙalau, a hannunmu ya lalace.

Ruwa ba ya tsami banza. A Old Fadama yawancin ɗakuna ba famfo, sayen ruwa ake yi a tara a jarka, ko bido in ji mutanen Nijar. Irin rawayar nan da 'yan Ghana ke kira galan ɗin Kufuor. Maganin da kamfanin ruwa ke sawa yana gushewa in ruwa ya kwana biyu a ajiye. Sai yaro ya dawo daga ban ɗaki ya tsoma moɗa har da yatsunsa cikin duro. Shi ke nan. Ga kuma bututun roba da aka ja ta cikin kwata: ranar da aka ɗauke ruwa, ƙarfinsa ya faɗi, duk inda ya tsage sai ya zuƙo ruwan kwata. Ko fiya wata ba ta fita ba, tunda da haƙori kake yage ledar da hannu goma suka taɓa. A 2014 kwalara ta kama mutum sama da 28,000 a Ghana, ta kashe fiye da 200, akasarinsu a yankin Accra.

Kada ka ce wannan zancen 'yan birni ne. Kai makiyayi, tafkin da shanu suka shiga suka yi kashi, ƙwayar nan tana ciki ko da ruwan ya kwanta ya yi garau. Ido ba ya ganinta. Kai kuma ɗan kasuwa mai kwana uku a bakin iyaka kana jiran takarda, yaushe rabon da ka wanke cikin jarkarka?

Wanke ta da sabulu da 'yar tsakuwa, ka girgiza sosai. Ka riƙa tsiyayowa, kada a tsoma komai ciki. Shi ya sa ƙaramin baki ya fi randa buɗaɗɗiya. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin ƙwari ba ta ruwan sha ba ce har abada. In ruwan da laka, bar shi ya kwanta, ka tace da ƙyalle mai tsafta, sannan ka tafasa shi har ya yi ta ɓulɓula, ko ka jefa ƙwayar Aquatabs daidai yadda aka rubuta a jikin takardarta, ka jira minti 30.

In kuwa wata rana ɗaliban nan suka yi sallama a rugarka ko masaukinka, ba su ruwan da kake sha na gaskiya, ba na baƙi ba. Amma ka ce su dawo su gaya maka abin da suka gani a ciki, don haƙƙinka ne.