Tausa da Taswirar Tafin Ƙafa: Ina Suka Haɗu, Ina Suka Rabu?

Duk wanda ya san fadamun Kogin Haɗeja ya san abin da ƙafa ke sha a can. Manomin shinkafa yakan yini tsaye cikin ruwa da taɓo, masunci kuma ya yi ta kutsawa cikin kacalla. Da almuru sai a kira yaro ya matsa ƙafa, ko ya hau baya ya tattaka. Wannan ita ce tausa, kuma manufarta a fili take: inda ya gaji nan ake dannawa.

Abin da Turawa ke kira rifleksoloji ya yi kama da wannan a ido, amma tushensa dabam ne. Wani likitan kunne da hanci da maƙogwaro na Amurka, William Fitzgerald, shi ne a wajen 1913 ya raba jikin mutum shiyya goma, daga ka zuwa yatsu, ya ce danna wani wuri na rage zafi a wani wurin da ke shiyya ɗaya da shi. Eunice Ingham ta ɗora a kan wannan, ta zana taswirar jiki duka a tafin ƙafa, ta buga littafinta a 1938. A taswirar nan babban yatsa shi ne kai, tsakiyar tafi kuwa ciki ne da ƙoda.

A nan harshe ya shigo. Kalmar "jijiya" a Hausa ta ƙunshi hanyar jini, da mai kai saƙo ga ƙwaƙwalwa, da wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi. Saboda haka idan aka ce wa Bahaushe akwai jijiyar da ta taso daga diddige ta tafi mafitsara, ba zai ji baƙon abu ba, alhali masana ƙirar jiki ba su sami irin wannan hanya ba. A 2009 Edzard Ernst ya tattara gwaje-gwajen da aka yi, ya ga babu gamsasshiyar hujja cewa dabarar tana warkar da wata cuta. Sakin jiki da barci mai daɗi kuwa, ai tsohuwar da ke matsa wa mai jego jiki ba ta jira Ingham ba.

Bambancin yana da nauyi a ƙasa irin ta Haɗeja, inda tsargiya ke bin masu shiga ruwa. Yaron da ke fitsarin jini tsutsa ce a jikinsa, maganinta kuwa praziquantel ne; danna gurbin mafitsara a tafin ƙafa ɓata lokaci ne kurum. Haka nan mai ciwon sukari wanda ƙafarsa ta fara mutuwa: matsa mai ƙarfi na iya yi masa rauni bai ji ba.

A ganinmu bai kamata masu fassara su ba wa rifleksoloji sunan "tausa" kai tsaye ba. "Tausar taswira" ta fi dacewa, domin mai sauraro ya san akwai da'awar da aka ɗora a kan abin da ya gada.