Ina 'Yan Linux na Kaduna Suka Shiga?

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya janye tallafin da ya saba bai wa Windows 10. Magajiyarta, Windows 11, ba ta yarda ta hau tsofaffin kwamfutoci, sai masu sabon ƙarfi. Duk wanda ya san shagunan kwamfuta na titin Ahmadu Bello da kewayen Kasuwar Sheikh Gumi ya san abin da aljihun ɗalibi ke iya ɗauka: kwamfutar hannu, wadda ta gama aiki a wani ofis a Turai kafin ta iso nan. Lafiyarta ƙalau, amma an yanke mata hukuncin tsufa. Akwai magani, kuma kyauta ne. Masu koyar da shi ne suka yi ƙaranci a gari.

Maganin shi ne buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda aka bar rubutun da aka gina ta da shi a fili, kowa na da damar karantawa, ya gyara, ya kwafa ya ba maƙwabci ba tare da ya zama ɓarawo ba. Richard Stallman ne ya fara wannan yunƙuri a Amurka a 1983 da shirin GNU. A 1991 wani ɗalibi a Helsinki, Linus Torvalds, ya fitar da Linux. Yau a kansa aka gina Android da ke wayar mai shayi da ta farfesa, shi ne kuma ke ɗauke da akasarin manyan na'urorin da intanet ke tsaye a kansu. Sai dai babu kamfanin da zai aiko maka da ma'aikaci in ta ƙi tashi. Wannan ne ya haifi ƙungiyoyin masu amfani da ita a biranen duniya: mutane su haɗu, wanda ya sani ya nuna wa wanda bai sani ba.

A Kaduna abin ya fi kama da majalisa fiye da ƙungiya mai shugaba da hatimi. 'Yan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tudun Wada, daga baya 'yan Jami'ar Jihar Kaduna da aka kafa a 2004, da masu gyaran kwamfuta, da yaran da ke tsaron kafen intanet. Abin da ya haɗa su rashi ne. A lokacin, sauke manhaja mai nauyin megabait 700 a kafe aikin kwana ne, in ma wuta ba ta ɗauke a tsakiya ba. Shi ya sa faifan Ubuntu, wani nau'in Linux, ya zama abin marmari. Wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya fito da ita a 2004, kamfaninsa kuma ya riƙa aika faifan ta gidan waya kyauta ga duk wanda ya nema. Faifai ɗaya in ya shigo unguwa, sai ya zaga hannuwa.

Faifan ba shi kaɗai yake tafiya ba, da mai shi yake zuwa. Zai zauna kusa da kai, ya raba maka ma'ajiyar kwamfutar gida biyu don kada takardunka su salwanta, ya yi fama da firintar da ta ƙi magana, ya nuna maka baƙin allon da ake rubuta umarni har ka daina jin tsoronsa. Ba a tambayar takardar shaidarka ko ɗan wane ne kai. Yaron da bai wuce sakandare ba yana iya gyara wa malamin jami'a kuskure, malamin ya yi godiya. A garin da rikicin 2000 da na 2002 suka tura mutane kowa ya koma ɓangarensa na kogi, duk wani zama da ke haɗa ɗan Unguwar Dosa da ɗan Barnawa a kan benci ɗaya abin riƙewa ne da hannu biyu.

To me ya watsa taron? Sauƙi ne ya fara. A 2010 manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku, MainOne da Glo-1, suka fara aiki a Legas, data ta soma araha, a 2011 aka daina aiko da faifan. Kafe-kafe suka yi ta rufewa, kowa ya koma kan wayarsa. Tambayar da a da ake ajiyewa sai ranar haɗuwa, yanzu YouTube na amsa ta kafin shayi ya huce. Kullen korona na 2020 ya yanke sauran al'adar fita taro, cire tallafin fetur a Mayun 2023 ya sa kuɗin keke daga Kawo zuwa cikin gari ya zama abin lissafi. Waɗanda suka ƙware kuwa, Abuja da Legas sun kwashe su, ko suna ɗaka suna wa kamfanin waje aiki.

Ba wai harkar fasaha ta mutu a Kaduna ba. Sanusi Isma'ila ya buɗe CoLab a Barnawa a 2016, ga Kad ICT Hub, ga shirin Click-On Kaduna da Bankin Duniya ya tallafa. Sun horar da matasa, sun kuma cancanci yabo. Amma horo daban, majalisa daban. Horo yana da ranar farawa da ta gamawa, da fom, da adadin kujeru, kuma burinsa aikin yi. Tarukan da manyan kamfanoni ke ɗaukar nauyi su ma kayan kamfanin suke koyarwa. Dandalin WhatsApp kuwa mai baki ne ke cin kasuwarsa. Sabon shiga yakan ji kunyar tambaya a gaban mutum ɗari biyu, ya yi shiru, ya fice ba wanda ya lura. Wannan yaron shi ne asarar da ta fi damuna.

Akwai kuma aikin da babu mai yi mana shi. Fassara manhajoji zuwa Hausa, sanya ƙ da ɗ da ɓ su zauna daidai a allon rubutu, naɗar muryoyi a shirin Common Voice na Mozilla, cike taswirar OpenStreetMap da lungunan Badarawa da Hayin Banki: duk aikin sa-kai ne, kuma ya fi tafiya in mutane suna ganin juna. Masu rubuta Wikipedia ta Hausa sun nuna haka, domin zaman da suke shiryawa ido da ido ne ke kawo musu sababbin hannuwa.

Abin da farfaɗowar ke buƙata bai taka kara ya karya ba: aji ɗaya a jami'a ko kwaleji ranar Asabar, wuta ko sola, filashi mai ɗauke da Linux Mint, da mutum biyu ko uku da za su zo ko da ba kowa. Tun 2004 duniya ke bikin ranar 'yancin manhaja, wadda yanzu ake yi a Asabar ta uku ta Satumba. Shugaban sashen kwamfuta ɗaya da zai sa hannu a buɗe ɗaki ya isa a fara daga nan.